Bugun da Ke Kunnen Layashi

Wanda ya san ƙanena Layashi a 'yan shekarun nan kawai, to bai san shi ba. Ni Zuhur, ni na goya shi, ni ce kuma zan faɗi yadda yake. Mahaifiyarmu, Yumma kamar yadda kowa ke kiran uwarsa a wurinmu, tana fita gona tun sanyin safiya ta bar mini shi ɗaure a baya, yana jan igiyar malfata har in ji kamar in kwance shi in ajiye wa awaki. Da ya girma sai ya zama irin mutumin nan da idan ya shiga motar kasuwa direba ke kashe rediyo, don ya san an samu wanda ya fi ta. Tafiyar kowa yana kwaikwaya, har da ta liman, a gaban liman.

Ƙauyenmu yana maƙale a jikin dutse, sama da hanyar Bab Barrad, kuma kif muke nomawa, tabar wiwi, kamar yadda muka tarar da iyayenmu suna yi. Ƙasar ba ta karɓar alkama sai da gardama. Ba na sunkuyar da kai a kan wannan. Da ita aka rufa mana asiri, da ita aka sa wa gidanmu kwano, ruwa ya daina zuba mana a kan shimfiɗa.

Kakanmu Ba Sidi yana sha, haka duk tsofaffin lokacinsa, amma sha ne mai ƙa'ida. Sai an yi la'asar zai zauna a gindin ɓaurenmu da ɗan katakonsa da wuƙa, ya tsince ganye, ya ware 'ya'yan, ya yi ta yankawa a hankali tare da 'yar baƙar taba har ta yi laushi. Lofensa dogo ne siriri, kansa na yumɓu bai fi kan ɗan yatsa ba. Zuƙa biyu, ya hure tokar, ya miƙa wa na kusa, daga nan sai labari har magariba. Ya haura casa'in yana hawa alfadari ba mai tallafa masa. Shi ya sa duk wanda ya ɗaga gira a kan kif, amsarsa ɗaya ce a wurinmu: je ka kalli Ba Sidi. Ko da ya rasu ba mu daina faɗin haka ba.

Ina kewar zaman nan na gindin ɓaure, wallahi. Amma abin da na fi kewa shi ne lokacin bugu.

Idan sanyi ya kama sosai, ƙanƙara ta rufe kawunan duwatsu, lokacin ne garin kif ke sakin ganye. Sai a ɗaure ƙyallen rariya a bakin babban baho, a jibga busasshiyar kif a kai, a lulluɓe da leda a ɗaure tam, maza su zauna kowa da siraran sanduna biyu su yi ta bugu. Garin da ya sauka ƙasan bahon shi ake dannewa ya zama hashish, wanda masu saye ke hawo dutse dominsa. Kowane gida ana yi, tun safe har rana ta faɗi, kwarin gaba ɗaya ya ɗauka kamar kowa na aurar da 'ya a rana ɗaya. Mu mata muna madafa muna tuƙa bisara, faten waken nan mai man zaitun, ƙafafunmu na motsi ba mu sani ba.

Layashi shi ke jan bugu a gidanmu. Yana cikin yi sai ya karkatar da sandunan zuwa kiɗan kai amarya, sauran su bi shi. Can tsallaken rafi sai ka ji gidan Si Bushta sun amsa. Si Bushta abokin mahaifinmu ne, gajere mai ƙaton murya, kuma shi kaɗai ke da mota a ƙauyen. Yakan leƙo ta kan katanga ya kwarara ihu:

"Kai Layashi! Aiki ake ko rawa?"

"Si Bushta, mu aiki muke! Ku ne dai naku bugun ya yi kama da tsohuwa na kakkaɓe tabarma!"

"Ɗan banza! Zan zo in kakkaɓe ka!"

To, akwai abin da duk wanda ya tashi a wurinmu ya sani. Bayan an gama bugu, an wanke bahuna an ajiye, kunne ba ya yarda an gama. Sai ka yi kwanaki kana jin sandunan a kanka, kana alwala kana ji, kana kwance kana ji. Ragowar bugu muke ce masa. Abin dariya ne. Yumma takan tsinci kanta tana kwaɓa ƙullun burodi a kan kiɗan da babu shi, mu yi ta tsokanarta. Kafin itatuwa su fara toho ya wuce.

Haka muka rayu har baƙon iri ya shigo. Wasu ne suka kawo shi daga ƙetare, gajere, mai kaurin kai, ga wari har cikin tufafi. Yana ba da gari ninkin namu na gargajiya, don haka cikin 'yan shekaru kowa ya watsar da irin Ba Sidi. Shegen yana shan ruwa kamar alfadarin da ya kwana a hanya, sai da ya ƙafar mana da idon ruwan da ke bayan masallaci. Ƙarfinsa kuwa ba a magana. Amma sunan bai canja ba, kif ce dai, mu ma ba mu canja amsarmu ba.

Layashi yana da hanci da harshe, don haka shi ake kira ya ɗanɗana kaya kafin a yi ciniki. Ya ajiye lofe, ya koma naɗa hashish a takarda da tabar sigari. Da farko da yamma ne, daga baya da hantsi, daga baya kuma kafin ya wanke ido. Lokacin Yumma ta rasu, mijina ma ya rasu, na dawo gidanmu ina zaune a ɗakin gaba, shi da matarsa Mannana da 'ya'yansu suna ciki. Ina ganin komai.

"Wannan na nawa ne yau?" in ce masa.

"Yaya Zuhur, ni fa ba sha nake ba. Ɗanɗanawa nake."

"Mai ɗanɗana miya ba ya cinye tukunya."

"Ke ai kina cinyewa, dubi kumatunki."

Sai in jefe shi da takalmi, ya kauce yana dariya, magana ta mutu a nan.

Jikin ne ya fara. Tari ya kama shi irin mai fitar da baƙar majina, ya hau tudun gona sai ya tsaya sau biyu yana riƙe da gwiwa. Abinci ba ya wucewa sai ya sha, barci ba ya zuwa sai ya sha. Ranar da ya yi tafiya bai samu ba, ya dawo yana zufa cikin sanyi, yana faɗa da kowa har da kyanwa. Daga nan amai ya zo, kullum da safe, kamar mai sabon ciki, ba abin da ke kwantar masa da shi sai ya kwarara wa kansa ruwan zafi. Itacen Mannana ya ƙare a dafa masa ruwan wanka. Muka ce sanyin ciki ne, muka ba shi zuma da ganyen dutse. Jallabiyarsa ta ulu ta koma rataye a kafaɗunsa kamar a jikin ƙusa.

Sai tsoro. Ya fara cewa jandarma na bibiyarsa. To wa ba ya cewa haka a ƙauyenmu? Duk namijin da ke noma kif yana kwana da kunne ɗaya a hanya, akwai waɗanda ba su taka kasuwa ba shekara da shekaru. Da ya ce farar motar da ta wuce ta su ce, maza suka gyaɗa kai suka ce yaron nan yana da lura.

Wata rana cikin bazara, furanni sun rufe tudu, muna shan shayi a tsakar gida, ya ɗaga yatsa.

"Wa ke bugu yanzu?"

Mannana ta yi dariya. "Ragowar bugu ce. Taka dai ta daɗe bana."

"Ai dole," na ce, "shi ya fi kowa bugawa."

Shi ma ya yi dariya, amma idonsa na kan tsallaken rafi. Labarin ya zaga ƙauye ya zama abin tsokana. Ya wuce a ce, Layashi, yau wane kiɗa ake yi? Da a birni ne mutum ya ce yana jin ganga a inda babu, da an kai shi asibiti ranar. A wurinmu kowa ya taɓa jin gangar da babu, muna da suna ma da muke kiranta. Wannan sunan ne ya cuce mu, ya sa muka zuba ido wata da watanni.

Dariyarsa ce ta fara ɓacewa. Mutumin da ba ya rufe baki ya koma yini a ɗaki ya toshe taga da bargo. Ya kwashe wayoyin gidan ya binne a turken awaki. Ya ce bugun ba bugu ba ne kawai, saƙo ne, gida na faɗa wa gida inda yake. Ranar da Mannana ta shanya jan zane a igiya ya fizge shi ya ce alama take yi wa mutanen hanya, ya tsaya a kanta yana huci, yaran na kuka. Bai taɓa ta ba. Amma washegari ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidan iyayenta, ni kuma ban ga laifinta ba, ko da yake na yi wata ban gaishe da uwarta ba.

Ƙarshenta da tsakar rani, rana na dukan dutse, ya tsallaka rafi da ƙotar gatari ya faɗa gidan Si Bushta yana ihu a daina. Tsohon na kwance yana barcin rana, bahunansa a kife a rumbu, kaza ma ta yi ƙwai a ɗaya. Maza uku ne suka riƙe shi. A motar Si Bushtan muka kai shi asibiti a birnin Titwan, yana kwance a cinyata yana toshe kunnuwa.

Likitar mace ce, yarinya ƙarama da ita, sa'ar 'yata. Ta yi ta tambayoyi, tun yaushe, nawa a rana, wane iri. Ni kuma bakina ya riga hankalina.

"'Yata, kakanmu ya sha har ya haura casa'in, ko ciwon kai bai yi ba."

"Lalla Zuhur, abin da kakanku ya sha da abin da wannan ke sha, suna kawai suka haɗa," ta ce. "Kuma ba kowace ƙwaƙwalwa ke ɗauka ba. Tasa ta daɗe tana ihu, ba a ji ba."

Ranar aka kwantar da shi.

Ya daɗe a asibiti. Da aka sallame shi ya zauna a Titwan wajen ɗan gwaggonmu mai gidan burodi, yana shan magani yana jera burodi a kan katako. Ya bar sha. Makonnin farko ya sha wuya, ba barci, ba ci, ga mafarkai, amma ya daure. Ya yi ƙiba irin ta magani, hannunsa na ɗan rawa, maganarsa ta yi nauyi. Duk zuwan da zan yi tambayarsa ɗaya ce.

"Yaya, yaushe zan koma gida? Garin nan ko gaisuwa sai ka biya. Na daina ji, wallahi na daina."

Ya matsa, na matsa, har likitar ta yarda, ba don ta so ba. Ta kira ni gefe ta ce a gwada. Idan ya zauna lafiya, shi ke nan, ya zauna a gidansu. Amma idan ya sake jin bugun da babu shi, ko sau ɗaya ne, in dawo da shi nan take, kada in jira ya wuce, kada in ce masa ragowa. Ta sa na yi alkawari, na yi. Mannana ma ta aiko cewa idan ya ga bazara lafiya za ta dawo da yaran.

Abin haushi, wannan yarjejeniya ta faɗo a tsakiyar sanyi, ana cikin bugu. Ta yaya zan gane na gaske da na kansa, ta yaya shi zai gane? Na ɗaura zanena na bi gida gida. Na fara da Si Bushta, don idan ya ajiye sanda kowa zai ajiye.

"A dakatar da bugu?" ya ce. "Lalla Zuhur, kin sha ɗanɗanon ke ma? Sanyin nan ba jiranmu zai yi ba. Ko rasuwa aka yi, ana dawowa daga maƙabarta ake ɗaukar sanda."

"Zuwa ranar kasuwa kawai. Ya ji ƙauyen shiru, ya tabbatar kansa ma shiru."

"Mutumin da ya zo zai fasa mini kai?"

"Kan naka ai ƙotar ce za ta karye. Ka manta wa ya ɗauko ka a baya shekarar da ka zame a ƙanƙara? Kana ta kiran uwarka kamar ɗan yaye?"

"Ba uwata na kira ba, salati na yi."

"Salatin mai suna Yumma?"

'Ya'yansa suka fashe da dariya. Ya harare su, ya kalli sandunan da ke hannunsa, ya jefa su cikin rumbu. Kafin yamma magana ta zaga. Wasu sun yi gunaguni, amma ba gidan da ya ƙi. A iya sanina ba a taɓa yin haka ba, ko don hakimi.

Da hantsi Si Bushta ya sauke shi a ƙofar gida. Ban taɓa jin ƙauyenmu haka da sanyi ba. Kana jin rafi, kana jin tarin wata tsohuwa daga can tsallake. Layashi ya tsaya a tsakar gida ya ja numfashi, ya shafa bango, ya leƙa turken awaki ya ce sun rame, waye ke kiwonsu, na ce uwarsu. Ya ci bisara kwano biyu, ya suɗe da burodi. Maƙwabta suka yi ta shigowa gaisuwa. Da Si Bushta ya tashi zai tafi, Layashi ya miƙe ya bi bayansa yana kwaikwayon tafiyarsa, ciki gaba, hannuwa a baya. Mutane suka yi ta dariya har da masu share ido. Na shige madafa na yi kukana na daɗi, na ce Allah ya dawo mini da ƙanena.

Washegari bayan la'asar muna zaune mu biyu a bakin murhu, ina zuba shayi. Yana ba ni labarin wani mai sayen burodi da ke latsa kowane ɗaya kafin ya zaɓa, sai maganar ta tsaya a tsakiya. Na ɗago. Yatsunsa biyu na dukan gwiwarsa a hankali.

"Yaya," ya ce, "ba kin ce sun yi alkawari ba?"

Na kasa kunne da duk ƙarfina, ina roƙon Allah ya sa wani mara kunya ne ya karya magana, in je in ci mutuncinsa in dawo ina murna. Babu komai. Rafi ne kawai.

"Ki ce musu su daina mana," ya ce, muryarsa ta koma ta yaro. "Kwana biyu kawai. Don Allah, Yaya."

Ban san abin da ya tashe ni ba. Na fita, na hau kan dutsen da ke bayan katanga, na kewaye bakina da hannuwa na kwarara ihu cikin kwarin da ko kare ba ya haushi:

"Si Bushta! Ku ji tsoron Allah! Ku daina bugun nan!"

Na hango shi ya fito ƙofar gidansa, hannuwansa ba komai, ya tsaya yana kallona. Sai ya cire hularsa, ya ɗaga ƙatuwar muryar nan tasa:

"To, Lalla Zuhur! Mun daina! A yi haƙuri!"

Daga gidan sama wani ya amsa, mun ajiye. Daga ƙasa wata mata ta ce nasu ma sun daina, a gaida Layashi. Haka suka yi ta amsawa gida bayan gida, mutanen da tun shekaranjiya ba wanda ya taɓa sanda. Sai da na zauna a kan dutsen suka gama amsawa, sannan na sauko.

Da na koma ciki yana nan inda na bar shi, shayinsa ya huce.

"Sun rage," ya ce. "Saura gida ɗaya, can ƙasa."

Na aika wa Si Bushta ya shirya mota da safe, na jawo jakar da ko gama kwancewa ba a yi ba, na fara ninke kayansa. Ya daɗe yana kallon hannuwana.

"Ba kowa, ko?"

"Ba kowa."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka zo."

Ya gyaɗa kai. Ya taso ya karɓi jallabiyar daga hannuna, ya ninke ta da kansa, ya sa a jaka, ya ɗora maganinsa a sama.

"Yaya Zuhur," ya ce, "kada ki faɗa musu na gane. Sun yi ƙoƙari."